Ƙanwata tana cin 290 a waya, ta shiga JAMB ta samo 174: ina matsalar take?

Tela_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Kurna, nan Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba, shi ya sa na kawo maganar nan gaban waɗanda suka fi ni sani.

Tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ɗawainiyar karatun ƙanwata ta dawo wuyana. Yarinya ce mai ƙoƙari, NECO ɗinta ta yi kyau har da Turanci da Lissafi, kuma ba ta da wani buri da ya wuce ta karanci aikin jinya a BUK. Da za ta zana JAMB ta 2025, kuɗin lesin ya fi ƙarfina, don a lokacin Inna tana kwance muna ta sayen magani. Sai wani abokina ya ce me zai hana in saya mata waya a saka mata manhajar tambayoyin shekarun baya. Na je kasuwar waya ta Farm Centre na samo wata Tecno ta hannu, a shagon aka saka manhajar, na biya kuɗin buɗe ta. Irin wadda ba ta cin data ce.

Wata uku cur tana kanta. Duk daren da na taso daga shago zan tarar da ita a kan tabarma bakin ƙofar Inna, gida duhu ba wuta, sai hasken wayar a fuskarta. Da safe in tafi da wayar shago in saka caji, da la'asar ƙaninmu ya zo ya karɓa. Ta fara da 190, ta hau 240, daga baya ba ta sauka daga 280 ko 290. Takan miƙo min in gani tana murmushi. Ni kuwa har kwastomomina na faɗa wa cewa bana muna da 'yar jami'a.

Ranar da sakamako ya fito, da hannuna na tura saƙon zuwa 55019, lambar JAMB ta duba sakamako. Amsa ta dawo: 174. Na sake karantawa sau uku ko idona ne. Kwana biyu yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba, kuma har yau in aka ambaci jarrabawa sai ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu na lallashe ta ta yarda za ta sake gwadawa. Tambayata ita ce: yaya mutum zai riƙa cin 290 a gida ya je can ya samo 174? Manhajar ce ke yaudara, ko akwai abin da muka yi ba daidai ba? In sayar da wayar in ƙara da abin da na tara in saka ta a lesin, ko mu ci gaba? Ba ni da halin da zan yi asara sau biyu, kuma ba na son in sake ganin ta cikin wancan hali.

Malamin_Kemistiri:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri kan wannan riƙo da kake yi.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Kemistiri a sakandare, kuma labarin ƙanwarka na ji irinsa ya fi a ƙirga. Ka fara kwantar mata da hankali da wannan: a jarrabawar 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zana, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba a sakamakon da aka fara fitarwa. Ba ita kaɗai ba ce, kuma 174 ba shaidar daƙiƙanci ba ce.

Abin da nake zargi shi ne, wancan 290 ɗin ba na sani ba ne, na sabo ne. Tambayoyin da ke cikin irin waɗannan manhajoji ƙididdigaggu ne. Yaron da ya yi wata uku yana juya su, zai kai matsayin da kafin ya gama karanta tambaya idonsa ya riga ya faɗa kan amsar, domin ya taɓa ganin ta sau biyar. Ya san cewa C ce, amma bai san dalilin da ya sa C ce ba. Manhaja kuwa ba ruwanta, maki za ta ba shi.

Ka tuna makarantar allo. Yaro yana kallon allonsa yana bi, sai ka rantse ya iya. Amma malam ba ya yarda a wanke allo sai an kifa shi an biya da ka. Nan ake gane wanda ya haddace da wanda yake bin baƙi da ido. Ƙanwarka wata uku ta yi tana bin allo a buɗe, ba wanda ya ce mata kifa ki kawo.

Ga gwajin da za ka yi mata yau da daddare, ba sai ka san Kemistiri ba. Akwai wata irin tambaya da ba ta ɓacewa: mol (ma'aunin yawan sinadari a Kemistiri) nawa ne a cikin giram 11 na iskar CO2? Nauyin mol ɗaya giram 44 ne, domin kabon 12 ne, oksijin biyu kuma 16 sau biyu. Sai a raba 11 da 44, a samu 0.25. To ka buɗe mata irin wannan a wayar, ka rufe zaɓin amsoshin da yatsanka, ka miƙa mata takarda da biro. In ta fitar, ka canza lambar, ka ce giram 22. Wanda ya gane aikin zai ce maka 0.5 cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda ya saba da C zai tsaya yana kallon ka.

Abu na biyu, ba duk amsar da ke cikin manhajojin nan ce daidai ba. Mutane ne suka zauna suka buga su, wani lokaci da gaggawa. Na sha samun ɗalibi yana musu da ni a aji, in na bincika sai in ga kuskuren waya ya haddace. Haka ma masu tambayar Meta AI ko ChatGPT: suna da amfani wajen bayani, amma a lissafi sukan ɓata hanya kuma su faɗa maka da cikakken ƙarfin gwiwa. Duk inda waya da littafi suka saɓa, a kai wa malami.

Na uku, mu da muka yi karatu a da, in an ce manhaja, tsarin darussan da za a koyar ake nufi. Yanzu sunan ya koma kan abin da ke cikin waya, ita kuma ta asalin an manta da ita. JAMB tana da silabas na kowane darasi, kyauta ne a shafinta na IBASS, an jera kowane babi da abin da ake son ɗalibi ya iya. Ku buga na darussanta huɗu, Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, ku liƙa a bango. Ta karanta babi a littafi, sannan ta je waya ta zaɓi tambayoyin wannan babin kaɗai. Duk wadda ta faɗi, ta kwafe ta a wani littafin rubutu na musamman, ta rubuta dalilin faɗuwar da hannunta. Ranar Juma'a ba sabon karatu, wannan littafin kawai za ta bi. Ɗalibaina suna ce masa littafin kunya, amma ni ban ga abin da ya kai shi amfani ba.

Ka kuma duba wani abu. A Turanci akwai tambayoyi daga littafin labari da JAMB ke sanyawa, kuma a 2025 aka canza shi. In manhajar da aka saka mata tsohuwa ce ba a sabunta ba, to labarin da ta yi ta amsa tambayoyinsa a gida ba shi ta tarar a zaure ba.

Kada ka sayar da wayar. In kuɗin ba za su kai lesin darussa huɗu ba, ka nemi wanda zai riƙa zama da ita a Fiziks da Kemistiri ko da sau biyu ne a sati. Waɗannan biyun su ne ba sa koyuwa da dangwale.

Ɗalibar_Samaru:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni ma sau biyu na zana. Na farko 181, na biyu 263, yanzu ina aji biyu a ABU. Waya ɗaya na yi amfani da ita duka biyun, Itel mai tsagaggen gilashi, don haka na san ba wayar ba ce.

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai in ƙara da abin da ya faru da ni. A karon farko lokaci ne ya kashe ni. A gida in tambaya ta yi min wuya sai in ajiye wayar in je in sha ruwa, in taya Mama wanke-wanke, in dawo in ci gaba, manhaja ta ba ni maki mai kyau. A can kuwa tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Na tsaya kokawa da lissafin Fiziks, ina ɗaga kai na ga saura minti goma sha biyu ban taɓa Bayoloji ba, alhali shi na fi iyawa. Hannuna rawa yake, na riƙa dannawa ba tare da na karanta ba.

A karo na biyu, duk ranar Asabar ƙarfe tara na safe sai in zauna a kan kujera da tebur, ba a kan gado ba. In saita awa biyu, in ce wa 'yan gidanmu ko sallama aka yi ba na nan. Ba tashi, ba leƙa littafi. Ranar farko da na yi haka 176 na samu, na yi kuka, amma wannan ne makin gaskiya na farko da na taɓa gani. Daga nan na koyi fara wa da darasin da na fi iyawa, da tsallake abin da ya tsaya min in dawo masa daga baya. Kuma kada ta bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don an faɗi.

Sai wata manhaja da ta taimake ni a Bayoloji, AnkiDroid. Kyauta ce kuma tana aiki ba data. Kati kake yi da kanka, tambaya a gaba, amsa a baya, ba A, B, C, D. Sai ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya. Wanda ka iya sai ta ɗaga shi zuwa bayan kwanaki, wanda ka kasa ta dawo maka da shi nan kusa. Tamkar tilawa ce, inda mutum ya fi tuntuɓe nan ya fi maimaitawa. Amma ta yi katinta da hannunta daga abin da ta karanta, kada ta sauko da na wasu. Ni guda goma nake yi kullum bayan sallar asuba.

Wajen bidiyo kuma, Khan Academy kyauta ce, a YouTube ma akwai malaman Najeriya masu bin silabas ɗin JAMB. Tunda data ta yi tsada, nakan sayi ta dare in sauke guda biyar ko shida, in kalle su a sati. Sai dai kallon bidiyo yana da daɗi, kana ji kamar ka gane komai. In an gama, ta rufe ta warware misalin da kanta a takarda.

Don Allah Yaya ka gaya mata wata yayarta a Zariya ta ce 174 ba ƙarshen duniya ba ne. Nawa da nata maki bakwai ne tsakani.

Maman_Biyar:

Ni dai ɗana, ra'ayina ya sha bamban, kuma ba zan ɓoye maka ba. 'Ya'ya biyar na haifa, uku sun wuce wannan mataki. Babban da littafi kawai ya yi, ya ci a zama ɗaya. Ta biyun aka ce zamani ya canza, babansu ya saya mata waya don karatu. Ina leƙawa in gan ta shiru ta duƙufa, ina ta sa mata albarka. Wani dare na fito alwala wajen ƙarfe biyu, na ji dariya ƙasa-ƙasa daga ɗakinsu. Na ɗaga labule, ashe TikTok ake kallo cikin bargo. Da ta ji motsina sai ta yi maza ta koma kan tambayoyi.

Ban ce taka haka take ba, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Amma kai kana shago tun safe har dare, mahaifiyarku ba lafiya. Wa ya san awa nawa ne na karatu cikin wata ukun nan? Yarinya ba sai ta lalace ba kafin waya ta ɗauke mata hankali, mu manya ma tana ɗauke mana. Kuma waɗannan guruf-guruf na WhatsApp da ake cewa na karatu ne, na karɓi wayar 'yata na duba, saƙo ɗari uku, na karatu bai kai goma ba.

Ni ƙwace wayar na yi, na kai ta lesin, ta ci a shekara ta biyu. In da ni ce kai, gaban malami zan kai ta, mai ganin idonta ya san ta gane ko ba ta gane ba.

Ɗalibar_Samaru:

Mama, gaskiya kika faɗa, ni ma ya same ni. Abin da na yi shi ne na cire layin na ba wa mahaifiyata ta ajiye, sai daren da zan sauke bidiyo nake karɓa. Manhajar tambayoyi da AnkiDroid duk ba sa neman layi. Kuma Yaya zai iya shiga saitin wayar, wajen Digital Wellbeing, zai ga awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. Amma ya duba tare da ita, kada ya yi a ɓoye, ranta a karye yake yanzu.

Na_Cibiyar_CBT:

Ina aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, bari in faɗi abin da idona ke gani.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau muna samun yaran da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko a gaban kwamfuta. Sun saba da shafa gilashi da yatsa. Na taɓa ganin yarinya tana dangwala fuskar kwamfutar tana jiran amsa ta shiga, hawaye na zuba. Kafin a nuna mata ta nutsu, minti goma sun tafi. Alhali abin ba wuya: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka ci gaba, P ka koma baya, S ka miƙa aiki. Na'urar lissafi ma a jikin fuskar kwamfutar take, ba a shiga da ta hannu, ba a shiga da waya ko agogo. Ka biya mata ko sau uku ne ta je inda ake gwaji a kan kwamfuta ta gaske. Sannan wajen rajista ta ce tana son jarrabawar gwaji ta JAMB, wato mok. Akwai ɗan ƙarin kuɗi, amma za ta ɗanɗani layi da dangwalen yatsa da zaman zauren tun kafin ranar.

Kan maganar cire layi: a cire, amma a adana shi da kyau. Layin da aka tura lambar NIN da shi aka karɓi lambar da ake yin rajista da ita (profile code), shi ne a ɗaure da bayananta, ta nan saƙonni ke zuwa. Duk shekara sai mun ga masu zuwa suna kuka layi ya ɓata.

Kuma duk wanda ya turo saƙo yana cewa yana da tambayoyin bana, ko zai ƙara mata maki in an tura kuɗi, ɓarawo ne. Waɗanda suka taɓa faɗuwa su suka fi nema, don sun san zuciyarsu a kusa take.

Tela_Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na dawo in ba ku labarin abin da ya faru.

Malam, na yi gwajin. Na bari sai da Inna ta yi barci, na zauna kusa da ita na ce ba faɗa na zo yi ba, wani malami ne ya ba ni aiki. Na kwafo tambayarka a bayan takardar awon wani kwastoma. Ina cewa giram 11, kafin in rufe baki ta ce 0.25. Na ce to giram 22 fa? Ta riƙe biron, ta rubuta 22, ta ja layi a ƙasa, ta tsaya. Mun fi minti biyu a haka, ba abin da ake ji sai janareton maƙwabta. Can ta ce, "Yaya, wallahi a wayar 11 ne." Sai hawaye. Na karanta mata bayaninka na 44 ɗin a hankali, ta share ido ta raba, ta samu 0.5. Na ce 88, ta ce 2. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Dama shi ke nan?"

Maganar littafin labarin ma haka ne. Ta ce da ta ga tambayoyin a zaure ba ta san ko sunan mutum ɗaya a ciki ba, amma ta ji tsoron faɗa min don ta san da yadda na haɗa kuɗin wayar. Wannan ya tsaya min a rai, don ni ne ban bincika ba.

Mama, mun duba saitin tare kamar yadda ƙanwarmu ta Zariya ta ce. Ba a rasa ba, akwai WhatsApp fiye da yadda na zata, ita da kanta ta sunkuyar da kai. Layin yanzu yana cikin gwangwanin da Inna ke ajiye katin asibiti.

Akwai wani ɗan maƙwabcinmu da ya gama digiri a Fiziks yana jiran bautar ƙasa. Na same shi, mun shirya zai riƙa zuwa Talata da Alhamis bayan la'asar, a zaure, ni kuma na ɗauki ɗinkinsa da na ƙannensa biyu na sallah. Silabas ɗin na bayar an bugo, shafukan sun fi yadda na zata yawa, mun liƙa na Kemistiri tukuna. Littafin kuskuren ma ta fara, ta ƙi yarda a ce masa na kunya.

Ranar Asabar ta yi zaman awa biyun, na bar mata agogon shago a kan tebur. Ta samu 169. Saura tambaya ɗaya Malam: tunda ta riga ta haddace yawancin tambayoyin wannan manhajar, na zaman Asabar ɗin daga ina za mu riƙa samo waɗanda ba ta taɓa gani ba?